Lambar NAFDAC ba ta hana rana cin magani

Tun watan Fabrairun 2024 da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka garƙame shagunan magani sama da dubu a Sabon Garin Kano da kewaye, aka ce kowa ya koma sabuwar kasuwar magunguna ta Dangwauro, muhawarar ba ta wuce abu biyu ba: jabu da kuɗin shago. Da wuya ka ji wani ya ambaci zafi. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne shawarar da ake ta nanata wa jama'a a rediyo, wai ka duba lambar rajista, ka duba ranar ƙarewar wa'adi, in duka sun yi daidai to ka sha hankalinka kwance.

Wannan rabin gaskiya ne, kuma rabin gaskiya a harkar magani kisa yake yi. Ranar da aka buga a jikin kwali alkawari ne mai sharaɗi. Kamfani ya gwada maganinsa a wani ƙayyadadden zafi da danshi, sannan ya ce zai kai lokaci kaza. Gwajin da aka tsara wa ƙasashe masu zafi da laima shi ne digiri 30 da danshi kashi 75 cikin 100. To Kano a watan Afrilu tana haura digiri 40 a inuwa. Balle cikin shagon kwano da aka kulle tun Juma'a, ko bayan motar da ta kwaso kaya daga Onitsha, ko faifan mai talla da ya yini a tasha.

Magani ba sunan sinadari kawai ba ne. Wani daskararre ne, wani ruwa, wani iska ce da aka matse a gwangwani kamar abin shaƙar masu asma, kuma yanayin da yake ciki shi ke yanke hukuncin yadda zai yi aiki a jiki. Wanda ke ganin wannan surutun 'yan boko ne ya tuna da ritonavir, maganin ƙanjamau na kamfanin Abbott a Amurka. An fara sayar da shi a 1996. A 1998 sai kwatsam ƙwayoyin sinadarin suka fara daskarewa da wani sabon tsari wanda ba ya narkewa yadda ya kamata. Sinadari bai canja ba, ba a yi algus ba, ba a yi jabu ba, amma dole kamfanin ya janye kafson daga kasuwa ya sake lale. Idan har sauyin jeruwar ƙwayoyi kaɗai ya durƙusar da kamfani irin wannan, da dakunan gwajinsa da ƙwararrunsa, me muke tsammani daga kwalin da ya kwana uku a kan tirela?

Misalan na kusa sun fi yawa. Asfirin idan ya sha danshi yana warwarewa, har ka ji yana tashin tsami. Kafso yana laushi ya manne da ɗan'uwansa, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ba tare da kowa ya zuba masa ruwa ba. Maganin matsi da ake sa wa yara ta dubura an yi shi ne ya narke da ɗumin jiki, wajen digiri 37, don haka a zafin bazara tun a kanta zai narke. Amoksisilin na yara kuwa da gangan ake sayar da shi gari, domin da zarar ya haɗu da ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, mako ɗaya zuwa biyu. Amma uwa nawa ce mai kemis ya taɓa gaya wa haka?

Mafi muni shi ne oksitosin, allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 da 8. Idan zafi ya cinye ƙarfinta, kwalbar ba ta sauya launi, lambarta na nan, wa'adinta bai cika ba. Unguwar zoma ta yi allura, jini ya ƙi tsayawa, a ce kwana ya ƙare. Kuma ba wai babu mafita ba: a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon gwajin karbetosin, wata allura mai aiki irin na oksitosin amma mai jure zafi, gwajin da aka yi a ƙasashe 10 har da Najeriya. Me ya sa har yanzu ba shi ne ruwan dare a asibitocin karkararmu marasa wuta ba?

Masu cewa a fara gamawa da jabu tukuna sun manta cewa majinyaci ba ruwansa da dalilin da ya sa magani bai yi aiki ba. Masu cewa kakanninmu ma haka suka saya a kasuwa suka rayu kuwa, ba su cancanci amsa ba.

Dangwauro na iya zama ci gaba, amma fa in ana auna zafin rumbunanta ana rubutawa, kuma mai sa ido yana shiga da ma'aunin zafi a aljihu, ba takardar tara kaɗai ba. A tilasta wa dillalai motocin da ke da sanyi, a sa wa firjin ɗakunan haihuwa sola. Idan kuwa za a kwashe kwalaye daga wani ɗakin gasa magani a kai su wani sabo mai fenti, to an tayar da 'yan kasuwa ne kawai a banza.