Sun Cike Kududdufinmu, Ruwan Ya Dawo Kwana a Ɗakunanmu

Shekara goma sha tara ke nan ina zaune a wata unguwa da ke bayan garin Kano, kuma ruwan sama bai taɓa tsallake dokin ƙofar zaurena ba sai da aka gina rukunin shaguna da ofisoshi da gidajen haya a kan kududdufin da ke gabas da mu. Damina biyu ke nan a jere muna kwasar ruwa da bokiti da tsakar dare. A daren da ya fi muni, cikin markar watan Agusta, na sauko daga gado na ji ruwa ya rufe mini idon sawu, tabarmar yara tana yawo a tsakar ɗaki, ragowar geron da muke lallaɓawa har kaka ya jiƙe sharkaf. Kafin kiran asalatu katangar maƙwabcina ta zube, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye babu wanda ke kwance a gindinta.

Lokacin da tifofi suka fara sauke marmara mun yi murna, domin samarinmu sun sami aikin leburanci, an kuma ce za a buɗe kantin magani da banki, mu huta da shiga gari. Har yau ba na baƙin ciki da shagunan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka ɗauki wannan kududdufi tamkar ramin banza mai tara sauro, alhali duk wanda ya tashi a Kano ya san aikinsa. Kakanninmu sun haƙa waɗannan ramuka ne suna ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama tulun da ke karɓar ruwan unguwa idan sama ta tsuge, su riƙe shi, ƙasa ta sha a hankali, rijiyoyinmu su sami rabonsu har cikin bazara. Masu aikin sun cike shi, suka ɗaga filinsu ya kai ƙugun mutum sama da titinmu, suka malale ko'ina da siminti da kwalta har babu tafin hannu ɗaya da ruwa zai nutse. Magudanar da suka gina a cikin harabarsu faffaɗa ce, an rufe ta da kyau, amma tana ƙarewa daidai bakin katangarsu, inda take juye komai cikin 'yar kwatar da muka yi karo-karo muka haƙa domin ruwan wanke-wanke. Shin injiniyan da ya zana wannan magudana bai tambayi kansa inda ruwan zai nufa ba, ko kuwa ya sani ya kau da kai saboda talakawa ne a gangaren?

Babu mai cewa ba a ga darasi ba. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da shaddodi na miliyoyin naira, kuma a lokacin bakin kowa a garin nan gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa yake ambata. Doka ma tana nan. Tun 1992 Najeriya ke da dokar auna tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, wadda ta wajabta a yi nazari kafin a fara duk aikin da zai iya taɓa muhalli sosai, a kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu a kan rahoton. Mu dai ba mu ga rahoto ba, ba a tara mu a ƙofar gidan mai unguwa ba, ba a tambayi ko dattijo ɗaya ta inda ruwa ke bi ba. Da an tambaya, da yaro ɗan shekara goma ya nuna musu da yatsa.

Da rani kuma wata azabar ce. Sun haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi suna tura ruwa manyan tankuna dare da rana, rijiyar gidana da ba ta taɓa ƙafewa ba yanzu laka guga ke fitowa da ita tun watan Maris, na koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Manyan janaretocinsu an jera su ne a bayan gini, nesa da masu sayayya, bututun hayaƙin yana kallon tagoginmu, ga ƙara har gari ya waye. An sare tsamiya biyu da layin darbejiyar da muke shan inuwa, aka maye gurbinsu da furanni a tukwane. Ledoji da robobin da ake zubarwa a bayan katanga su ne ke toshe 'yar kwatar tamu da ruwan farko.

Mun rubuta takarda, muka sa hannu mu magidanta, muka kai ofishin masu ginin, aka ce manaja ya yi tafiya. Muka kai ofishin da ya ba su izini, aka karɓa aka buga hatimi, aka ce za a turo masu dubawa. An turo su kuwa, amma cikin watan Janairu, ƙasa a bushe ƙamas, suka zagaya cikin harabar suka shiga mota suka tafi ba tare da sun taka layinmu ba. Wannan ya fi ruwan kansa yi mini ciwo.

Abin da muke nema bai fi ƙarfinsu ba. Su ware wani sashe na filin ajiye motocin nan, wanda rabinsa ke zama fayau kullum, su haƙa matarar ruwa mai shinge da za ta yi aikin da kududdufin ke yi. Su ja magudanarsu da kuɗinsu har ta haɗu da babban lambatu na bakin titi, su cire simintin wasu wurare su sa bulon da ruwa ke ratsawa. Janaretocin a gina musu ɗaki, a ɗaga bututun hayaƙin sama da rufin gidaje, a dasa itatuwa na gaske a bakin katanga, sannan a biya maƙwabcina katangarsa, domin har yau da tsohon kwano ya kare mutuncin iyalinsa.

Kafin su amsa, na ci bashi na ɗora bulo layi biyu a ƙofar zaurena. Mahaifiyata mai ciwon gwiwa ba ta iya tsallake shi, sai mutum biyu sun riƙe ta duk ranar da za a kai ta asibiti, kuma ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.