Gdb ɗin da na manta a tmux

Kwana biyu Windows ɗin da muke gwaji da shi a kan KVM, sashen Linux da ke ba shi damar saukar da wani tsarin aiki a matsayin baƙo, yana tafiyar hawainiya. Na zargi faifai, na sauya. Na zargi RAM, na ninka daga giga 8 zuwa 16. Har yaron da ke koyon aiki a wurinmu sai da ya sha harara, alhali ko kusa da sabar bai zo ba.

A rana ta uku na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato `perf kvm stat live`, umarnin da ke ƙirga sau nawa baƙo (Windows) ke fita zuwa wurin mai masauki (Linux) da dalilin kowace fita. Sai ga DR_ACCESS zaune daram a saman jeri, dalilin fita mai lamba 29 a VMX, fasahar Intel ta gudanar da baƙi. Ma'anarsa baƙo ya taɓa rajistocin DR.

Na dafe kai. Furosesan x86 yana da rajistocin farautar kuskure: DR0 zuwa DR3 na riƙe adireshi huɗu, DR6 na faɗin abin da ya faru, DR7 na ba da umarni. Manhajar da muke gwadawa tana amfani da su don kare kanta daga masu yi mata kutse, saboda haka duk sanda Windows ya sauya zaren aiki sai ya sake loda su. Idan KVM na tsare kowane MOV DR, wato umarnin karanta ko rubuta waɗannan rajistocin, kowane ɗaya fita ce daga baƙo zuwa mai masauki da komowa. Kamar a ce kowace loma sai ka je ƙofar gida neman izini.

Amma ai tun Linux 3.15, a 2014, aka magance wannan. Baƙo ya taɓa rajista sau ɗaya, KVM ya ɗage shingen, ya bar shi ya yi ta lodi har fita ta gaba, sannan ya kwashe ƙimomin ya mayar da shingen. Sharaɗi ɗaya ne: kada mai masauki ya kasance yana farauta da kansa.

Nan gabana ya faɗi. Na buɗe tmux, manhajar da ke riƙe min tagogin rubuta umarni, taga ta huɗu. Ga gdb, manhajar farautar kuskure, maƙale da QEMU mai ɗauke da baƙon ta tashar 1234, da `hbreak` ɗin da na dasa tun ranar Litinin, wato tarkon da ke amfani da waɗannan rajistocin, na tafi cin abinci. Muddin yana nan, shingen ba zai taɓa ɗaguwa ba.

Ctrl-C, `delete`, `detach`. DR_ACCESS ya zame ƙasan jeri.

Na juya a hankali. Yaron na tsaye a bayana da shayina a hannu.

"Oga, wannan tagar ta wa ce?"

"Ajiye shayin, je ka duba firinta."