Ana Ta Hasashen Sabuwar Mac mini, Amma Wa Ke Tambayar RAM?

Tun da kamfanin Apple ya fito da furosesar M5, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan kwamfuta, a watan Oktoban 2025, masu bibiyar harkar kwamfuta suka shiga hasashen ranar da za ta iso cikin Mac mini, ƙaramar kwamfutar tebur ta kamfanin. Kowa na baza kunne ya ji abin da ɗan jarida Mark Gurman na Bloomberg zai ce. Zancen dai kusan ɗaya ne: za ta fi sauri, za ta fi iya ayyukan ƙirƙirarriyar basira. Ban ƙi ba. Sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Sauri ba shi ne matsalar waɗannan ƙananan kwamfutocin tebur ba. Mac mini mai M4 da aka sanar da ita a Oktoban 2024, wadda faɗinta inci 5 ne kacal, tana tace bidiyo ba tare da ta yi nishi ba. Mai shagon buga takardu ko mai haɗa sauti ba zai ƙure ta ba nan da shekaru. Ga ta ba ta shan wuta, abin da duk mai aiki da sola ko inbata ya san darajarsa. Abin da ke tsufar da kwamfuta a hannun mai ƙaramin ƙarfi shi ne RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, ta yi kaɗan, ma'ajiya ta cika, kuma babu halin ƙari.

A nan ne tarihin wannan na'ura yake ba ni takaici. Samfurin 2012, murɗa murfin ƙasa kawai za ka yi, ka zare RAM ka sa wadda ta fi girma. A 2014 aka liƙe ta da dalma. Aka yi shekara huɗu ba sabuwa, masu jira suka yi jiran gawon shanu, sai a 2018 aka dawo da RAM mai ciruwa. Da M1 ta zo a 2020, aka haɗe ta da furosesa wuri guda, ƙofar ta sake rufuwa. Gaskiya ne haɗewar nan na cikin abin da ya kawo saurin da ƙarancin shan wuta, kuma Apple ya kyauta da ya mayar da mafi ƙarancin RAM giga 16 a samfurin M4 na 2024, a kan dala 599. To amma lokacin fitowarta, daga ma'ajiyar giga 256 zuwa 512 sai ka ƙara dala 200. A ranar saye za ka yanke hukuncin abin da za ka buƙata bayan shekara biyar. Wane ne ya san wannan?

Akwai wata hanya. Intel ya daina ƙera ƙananan kwamfutocinsa na NUC a 2023, Asus ya karɓi ragamar, kamfanonin Sin irin su Beelink da Minisforum kuma suka cika kasuwa. Da yawa daga cikin nasu ana buɗewa da sukundireba a canza RAM da ma'ajiya. Abin tsoron shi ne su ma sun fara liƙewa a samfuransu masu tsada.

Shi ya sa nake so masu rubuta hasashe su sauya tambaya. Maimakon kashi nawa sauri zai ƙaru, su matsa a ji nawa za a sayar da ƙarin giga, kuma ko mai gyara na unguwa zai iya taɓa cikinta. Kamfanoni na karanta abin da ake rubutawa. Surutun da aka daɗe ana yi kan cewa RAM giga 8 ta yi kaɗan a kwamfutocin Apple bai tafi a banza ba.

Wanda aikinsa ya tsaya yau, ya sayi wadda ke kasuwa, ya zuba rarar kuɗinsa a RAM, ma'ajiya kuwa ya jona ta waje.