Burauzar da ta ƙi saka anko

Jiya a shagonmu na buga takardu a Wunti na zauna na yi wa kwamfutata kwalliya. Linux ce a kai, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Na zaɓi baƙin launi don idona ya huta, na maida maɓallin rufe manhaja hagu. Kowace manhaja ta saka anko, ban da burauza. Ita tunda ta cire sandar suna, wato layin nan na sama mai ɗauke da sunan manhaja da maɓallan, ta jera shafuka a wurin, da kanta take zana maɓallanta. Ga ta fari fat, maɓallin kuma a dama! Sau uku ina kai linzami hagu ina danna iska, kwastoma na tsaye yana kallona. Na dawo da sandar, ta cinye min wuri a ɗan allon nan mai inci 14. Haba!