Cire tamostat ba ya maganin zafin inji

A garejojin Damagaram, idan tsohuwar Hiace ta fara tafasa a hanyar Tanout cikin watan Afrilu, sau da yawa shawarar farko ita ce a cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Wannan kuskure ne. Tamostat ƙofa ce da ke buɗewa idan zafin ruwa ya kai wajen digiri 82 don ruwan ya wuce lagireto ya huce, kuma a injuna da dama shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. Idan babu shi, wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa bai shiga lagireto ba. Idan tamostat ya maƙale a rufe, sabo ake sakawa a madadinsa.

Galibi matsalar tana wani wuri. Ƙura kan toshe haƙoran lagireto, ruwan rijiya kan bar dattin da ke cushe bututunsa, fanbel kan saki, murfin lagireton da robarsa ta mutu kuma ba ya riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa da wuri. Idan kuwa kumfa na tasowa a bakin lagireto yayin da sanyayyen inji ke aiki, a duba gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa.