Kwafe allo ba shi ne koyon rubutu ba

A makon jiya na buɗe littafin 'yar ƙanwata da ke aji 5 a wata firamare a Tudun Wada. Rubutu tsaf, shafi bayan shafi, amma duka daga allo ta kwafe. Da na ce ta rubuta wa kakarta wasiƙa ko da layi biyar ne, sai ta riƙe biro tana kallona. Abin ya tsaya mini a rai, domin yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Tun da ta shiga makaranta ba wanda ya taɓa cewa ta rubuta abin da ke cikinta.

A nan makarantar allo ta yi wa boko fintinkau. Malamin zaure ya san yaro zai fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, kafin a bar shi ya rubuta allonsa da kansa, kuma ba a tsallake mataki. A firamare kuwa, hukumar NERDC mai tsara manhajar makarantu ta ƙasa ta fitar da manhaja, amma malamin aji 3 bai san inda na aji 2 ya tsaya ba. Kowa sabon lale yake yi.

Abin da nake so shi ne malaman kowace makaranta su zauna tare su shata tsani. A aji 1 da 2, yaro ya riƙe haruffa, ya bambance ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, ya san inda ake raba kalma, kuma a riƙa yi masa shifta kullum. Aji 3 ne mararrabar da muke sakaci da ita. Nan ya kamata ya fara ƙirƙiro jimlolinsa: abin da ya gani a kasuwar Sabon Gari, ko yadda hawan daushe ya kasance. Ko da kurakurai, a bar shi ya rubuta, a gyara daga baya. Daga nan wasiƙa da bayanin yadda ake yin abu, har a aji 6 ya iya insha'in da zai kare ra'ayinsa da hujja.

Na san za a ce aji ya cika maƙil, yaushe malami zai duba littattafai? Gaskiya ne. Amma sakin layi ɗaya a mako, a duba na rukuni ɗaya kowace rana, bai fi ƙarfin kowa ba.

Zariya ce ta ba Arewa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Samaru. Ina roƙon masananta su haɗa kai da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Kaduna, su gwada wannan tsari a 'yan makarantu. A fara da littafin insha'i ɗaya da zai bi yaro daga aji zuwa aji, sabon malami ya buɗe ya ga inda za a ɗora.