Kujerar lajana ta fi rawani kusa da famfo

A unguwarmu da ke gefen Gadarif ba a cika tuna gwamnati ba sai ranar da ruwa ya yanke. Ranar ce mai karo, wato mai amalanken jaki da ke sayar da ruwa, ke ninka kuɗin barmil (gangar ruwa), yara su fasa makaranta su bi jaki da jarkoki, mata su yi ta lissafin wanki da girki, wanne za a jinkirta. Garin da ke cika kasuwannin Sudan da dawa da riɗi, ruwan shansa daga Shuwak ake janyo shi, can bakin kogin Atbara. An kammala madatsar Atbara da Setit tun 2017, kuma aikin da ake kira "hallul jazari", wato maganin matsalar daga tushe, an yi ta alkawarinsa har yaran da aka haifa lokacin suka fara aski da kansu.

Wata shekara aka zo shimfiɗa bututu a unguwar da muke makwabtaka da ita. Aka haƙa, aka binne, aikin ya tsaya cak a layinsu na ƙarshe, taku kaɗan daga ƙofar masallacinmu. Na tafi ofishin da abin ya shafa da fushina a cikin aljihu. Ma'aikacin bai yi gardama da ni ba. Takarda ya zaro ya ajiye mini: jerin layuka da yawan gidaje, da sa hannun lajana, wato kwamitin unguwa, da hatiminta. Layinmu ba ya ciki. Da na dawo na faɗa wa Baffa, sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai mu ba a sa mu a irin wannan." Na ce, "Baffa, ranar da aka yi taron, wa ya je daga cikinmu?" Shiru ya yi. An sanar a masallatai, an yi taron a harabar makaranta bayan la'asar, mu kuwa muna zaune a tabarma muna shan jabana, wato gahawa.

Ban kawo wannan labari don in wanke kowa ba. Wariya akwai ta, kuma duk Bahaushen Sudan ya san ɗanɗanonta. Abin da nake cewa shi ne, rabon ruwa da makaranta da asibiti da takarda a wannan ƙasa yana farawa ne daga wani jeri da wasu mutum goma suka rubuta a unguwa, kuma mun daɗe muna barin alƙalamin a hannun wasu.

Gudun ofis da muke yi gado ne, yana da dalili. Kakannin da yawanmu sun iso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, a bakin Shuɗin Nilu. Wasu maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Da aka buɗe madatsar Sinnar da gonakin audugar Jazira a 1925, hannayensu na cikin waɗanda suka tsinci audugar. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakansa yana zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ka ga kenan wanda ya zo tare da Mai Wurno ya makara da 'yan shekaru. Daga baya an sassauta dokar, sai dai darasin da dattawa suka ɗauka ya riga ya zauna: ofis wuri ne da ake tambayarka asalinka, don haka a kauce masa. Aka raine mu da "kada ka shiga abin hukuma", aka bar mu da kasuwa da gona da makarantar allo.

Lajanar zamanin Bashir ma ba ta taimaka ba. Lajanonin lokacin, da ake kira lijan sha'abiyya, su ke raba katin sukari a shekarun 1990, su ke ba da shahadar sakan, wato shaidar zama a unguwa, takardar da ba ka iya gama yawancin hidimomi sai da ita, kuma kowa ya san a wurare da yawa su ne kunnen jam'iyya mai mulki a cikin unguwa. Mutumin kirki yana ganin shiga cikinsu zubar da mutunci ne. To amma ko a lokacin, wanda ya zauna a kujerar shi ya san ranar da sukari ya iso.

Bayan faɗuwar Bashir a Afrilun 2019 abin ya ɗan sauya kama. Matasan kwamitocin gwagwarmaya da lajanonin sauyi da hidima suka karɓi unguwanni. Wanda ya ga layin burodi na 2020 zai tuna samari tsaye a ƙofar furun, wato gidan burodi, tun asuba suna ƙirga buhunan fulawa don kada a karkatar da su kasuwa, suna rubuta sunayen gidaje don rabon tukunyar gas. Sun yi kurakurai, wasu sun ɗauki kansu alƙalai, amma a karon farko talaka ya ga ana iya tsayar da jami'in mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, a tambaye shi lissafi a bainar jama'a. A unguwannin da yaranmu suka shiga, gidajenmu sun shiga jeri. Inda suka tsaya kallo, sai abin da aka rage.

Nan ne nake rabuwa da wasu manyanmu, tare da girmamawa. Ƙarfinmu da yawa mun zuba shi a neman sarauta, a ba mu nazir ko umda, wato sarki ko hakimi, da gwamnati ta sani. Na fahimci dalilin: a tsarin idara ahliyya, wato mulkin gargajiya, mai rawani ne ke shaida cewa kai ɗan wane ne, shi ake kira sulhu, shi gwamna ke ba kujera. Sai dai a Sudan rawani ɗaure yake da ƙasa, kuma duk wanda ya ji maƙwabci na neman rawani, gonarsa yake tunawa. Mun ga abin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022, bayan takaddamar neman masarautar Hausawa: Rusairis da kewayenta, sannan Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwan rayuka, dubban iyalai a makarantu da tashoshin mota. Babu abin da zai halatta wannan jini, kuma neman haƙƙi ba laifi ba ne. Tambayata dai ita ce, a ce an ba da rawanin, shin shi zai sa layinmu a takardar bututu? Rawani yana tara ƙabila wuri guda ta fuskanci wata ƙabila. Lajana kuwa tana zaunar da Bahaushe da ɗan Bani Amir da Bamasalace da ɗan Shukriyya a benci ɗaya, saboda kwata ɗaya ce ke cika musu gida da damina. A can ba a tambayar kakanka, lambar gidanka ake tambaya.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna wannan ƙarara. Ofisoshi suka rufe a Khartum, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba, Sinja ta bi a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif da Kasala. Waɗanda suka riƙe mutane su ne ɗakunan agajin gaggawa da takiyyoyi, tukwanen adas da balila a ƙofar masallatai, da kuɗin da 'yan uwa ke turowa ta manhajar banki ta Bankak daga Jidda da Riyad. Larabawa na kiran wannan nafir. Mu gayya muke ce masa, kuma ba wanda zai koya mana ita. Mun iya tara kuɗin jana'iza cikin awa guda, mun iya gina masallaci ba da sisin gwamnati ba. Abin da ba mu iya ba shi ne ɗaukar wannan gayyar mu mai da ita takarda mai hatimi, mu bi ta ofis ofis har a gaji da ganin fuskarmu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce a farkon 2024 hukumomi sun rushe lajanonin sauyi da hidima, an koma naɗi, kuma wanda aka naɗa wanda ya naɗa shi yake kallo. Gaskiya ne, kuma koma baya ne. Amma naɗaɗɗen ma a unguwa yake kwana, a masallacinmu yake sallar asuba, kuma mutum ashirin da suka zo taro da tambaya ɗaya a rubuce sun fi masa nauyi a kan guda dubu masu gunaguni a gida. Za a kuma ce mutanen kanabi fa, sansanonin ma'aikatan gona na Jazira, da yawansu ko a taswirar hukuma babu su, wace lajana za su shiga? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, ba ni da amsa mai sauƙi gare ta. Nasu yaƙin shi ne a fara amincewa da su a matsayin ƙauyuka, kuma shi ma da jerin sunaye da yawan gidaje ake fara shi.

Akwai kuma abin da laifinsa namu ne kacokan. Ruwa matsalar mata ce kafin ta zama ta kowa, su suka san yawan barmil da gida ke sha a mako, su suka san wace ungozoma ce ke zuwa cibiyar lafiya da wadda sunanta kawai ke zuwa. Duk da haka in an kira taro sai mu tura dattijon da bai taɓa ɗaga jarka ba, ya je ya yi addu'a ya dawo. 'Yan matanmu sun gama jami'a, Larabcinsu ya fi na mai hatimin kyau, muna ce musu ba a san mace da zama cikin maza ba.

A unguwarmu Inna ce ta karya wannan. Ta sayi littafin makaranta, ta sa jikarta ta bi gida gida tana rubuta sunan maigida da yawan mutane da kuɗin ruwan da suke kashewa. Ranar taro na gaba ta yafa tobinta ta zauna a layin gaba. Da shugaban lajana ya ce mata, "Hajja, da kin aiko yaro ai ya isa," sai ta ce, "Yaron ne ya rubuta, ni na zo in ga an karanta." Aka karanta. Bututun bai iso ba tukuna, yaƙi ya tsayar da komai, har yau mai karo ne ke shayar da mu. Amma na koma ofishin nan watannin baya, na roƙi a nuna mini sabon jerin, kuma layinmu na nan a shafi na biyu, da yawan gidajensa daidai yadda jikar Inna ta ƙirga.